Hannun Hagun Baba Taju

Duk mai bin hanyar da ta taso daga cikin Fagge ta faɗa kasuwar Sabon Gari da hantsi ya san su, ko da bai san sunansu ba. Dattijo ne dogo siriri, hularsa kullum a karye gefe guda irin ta Yarabawa, sai wata tsohuwa gajera mai jiki riƙe da hannunsa na hagu. Shi ne Tajudeen tela, wanda Fagge kaf ke kira Baba Taju. Ita kuwa matarsa ce Silifat, amma rabon da a ji wannan suna a bakin wani tun da ta haifi 'yarsu ta fari. Iya Azeezat kowa ya sani. Tafiyar da mai lafiyar ƙafa zai yi cikin minti ashirin, su sai sun cinye awa guda, rabi a gaisuwa, rabi a musu.

A Fagge aka haife shi. Mahaifinsa ne ya zo daga Offa a jirgin ƙasa da keken ɗinki ɗaya, shi kuwa Taju bai taka garin ba sai da ya yi gemu. Da ya je can suka ce masa Bahaushe, ya dawo Kano aka ci gaba da ce masa Bayarabe. Ya ce to, kowa ya kira abin da ya ga dama, shi dai tela ne. Shekara hamsin ya yi a wata baranda a bakin Kantin Kwari yana dajiyar zannuwa da ɗinkin kaftani. Abin da ya yi suna a kai ba ɗinkin ba ne ma, sanin yadi ne. Ka miƙa masa shadda, ba zai ko kalle ta ba. Zai murza ta tsakanin yatsu biyu ya gaya maka wanki nawa za ta yi kafin ta ba ka kunya. Akwai 'yan kasuwar da gabansu ke faɗuwa in suka ga mai saye ya nufi barandarsa, shi kuwa ko a jikinsa. Mutum ne da ba ya son a ce ga abin da bai gane ba, kuma wannan halin ya ba shi wuya daga baya.

Iya Azeezat kuwa shekara arba'in ta yi tana sayar da barkono da garin alabo a Sabon Gari, da muryar da ake jiyowa daga layi uku. Shekara shida da suka wuce hawan jinin ido ya rufe mata gani ruf. Ta shiga ɗaki ta zauna wata goma sha ɗaya. Matar da ba a iya tsayar da bakinta ta koma sai an yi tambaya uku ta amsa ɗaya, abinci kuwa sai an yi da gaske. Aka kawo mata sanda, ta yi jifa da ita ta ce ita ba za a ja ta a titi ba. Baba Taju ya ga matarsa tana narkewa a gabansa, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ran nan da safe ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi kasuwa za shi, kuma ya ji an ce 'yar ƙaninta da ta gaji rumfar tana sayar da barkono mai ƙasa. Ƙarya ce ya shirga, amma ta yi aiki. Iya Azeezat ta miƙe tana faɗa, ta laluba ta kama hannunsa na hagu. Tun daga ranar ba su fasa ba sai ran Juma'a ko in ana ruwa. Tana zama kan benci a rumfar, ta shinshina kaya ta kushe, ta tsokani masu saye, da azahar su dawo gida.

Titi uku suke tsallakawa. Shi kunnensa ya yi nauyi, ita kuwa nata kamar ya gaje ƙarfin idon. Tana jin adaidaita sahu tun bai karyo kwana ba. In ta ji abu na tahowa sai ta damƙe shi, shi kuma ya ja ya tsaya. Da haka suke kaiwa, da haka suke dawowa.

Bara, bayan Babbar Sallah, yana naɗe hannun riga zai yi alwala sai ya ga tabo a sangalin hannunsa na hagu, baƙi-baƙi ja-ja, kamar an zuba zoɓo ya bushe. Ya danna, ba zafi. Ya yi tunanin ko ya buge da wani abu, ya kasa tunawa. Kafin wannan ya washe wasu uku sun fito, kuma kowanne in ya tafi sai ya bar shati mai ruwan ƙasa. Daga nan abin ya ƙara gaba. Wata rana gefen ƙofar zaure ya ɗan goge shi, gogar da ko ƙuda ba za ta kora ba, sai ga fata ta naɗe gefe guda kamar ɓawon dafaffen tumatir, jini na tsattsafowa. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na aro. Mutumin da ya san yadin duniya da yatsu biyu, yau ga fatar jikinsa ta gagare shi.

Ya kai maganar majalisar ƙofar masallaci, inda ba a taɓa rasa likita ba. Malam Abdulƙahhar ladan ya ce mataccen jini ne, ƙaho yake so. Wani ya ce ciwon suga ne ke sallama. Wani ya rage murya ya ce shi dai ya san mutanen ɓoye suna mintsini, a nemi hayaƙi. Dangi daga Offa suka aiko da jarkar tsimi mai ɗacin tsiya. Baba Taju bai raina ko ɗaya ba. Ya sha tsimi, ya yi hayaƙi har tari ya kama shi, ya gasa wurin da tawul da ruwan zafi, ya murza man zafi da ƙarfinsa. Washegari hannun ya tashi ya fi jiya muni. Ya je wurin wanzami. Wanzamin ya kama fatar bayan hannunsa ya ɗaga ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji wanzamin, yana mayar da ƙahonsa cikin zabira. "Wannan fatar in na ɗora mata ƙaho, da ita zan tashi."

Ya dawo gida kansa ya ƙara ɗaurewa. Iya Azeezat ba ta san komai ba. Ɓoye wa makauniya tabo shi ne abu mafi sauƙi a duniya, kuma sauƙin nan shi ya fi ci masa rai.

'Yarsu Azeezat ce ta gani. Tana aure a Rijiyar Lemo, duk Juma'a tana zuwa da kwanon abinci da faɗa. Ta hango ɗigon jini a farin kaftaninsa, ta ja shi zaure ta naɗe hannun rigar, ta yi salati ƙasa-ƙasa don kada uwarta ta ji. Ta manna masa filasta. Bayan kwana biyu ta dawo ta ɓare, filastar ta taho da fata. Ta zauna a ƙasa tana kuka tana ba shi haƙuri, shi kuma yana ba ta, duk a cikin raɗa.

Ta kai shi asibiti. Aka auna suga, aka ɗebi jini, aka ce duk lafiya lau. Likitan ya ce tsufa ne, fata ce ta yi laushi, a riƙa shafa mai, a guji bugewa. Sannan ya sa Azeezat ta fita, ya dubi dattijon ya tambaye shi a hankali ko akwai mai dukansa a gida. Baba Taju ya ɗauki hularsa ya fito ransa a ɓace. Shi da ke zaune da makauniya daga shi sai ita, wa zai doke shi?

A hanyar dawowa ya yi ta mita. "Tsufa, tsufa! To hannun daman nan yaro ne? Ai rana ɗaya aka haife su. Me ya sa shi sai jefi-jefi, na hagun kuwa kamar an yi masa rini?"

Azeezat ta yanke hukunci. Ta ce cunkoson kasuwa ne: masu baro, masu dako, buhuna, ƙarfen adaidaita sahu. Daga yanzu ba sauran tafiyar nan. Ƙarshen wata za ta kwashe su zuwa Rijiyar Lemo, ga ɗaki ga fanka, ba mai gogar kowa.

"Uwarki fa?" ya ce.

"Ta huta ita ma, Baba. Shekarunta nawa?"

Azeezat ba ta kwana a gidan ba a wata goma sha ɗayan nan, shi ya kwana. Ya san ba hutu ne ke jiran matarsa a ɗaki mai fanka ba. In aka raba ta da bencin nan da ƙamshin barkono, komawa za ta yi inda ya ciro ta, kuma wannan karon ba shi da wata ƙaryar da zai tashe ta da ita. Ya roƙi alfarmar sati biyu, Azeezat ta ba shi da ƙyar.

Ran Litinin, bayan ya zaunar da Iya Azeezat a rumfa, ya zame ya nufi kemis ɗin Sista Obiageli. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ƙawar matarsa tun suna goyo, kuma Hausa a bakinta ta fi ta wasu 'yan Fagge. Da gangan ya ƙi zuwa wurinta tun farko, don ya san bakinta ba shi da linzami. Ta sa tabarau ta dubi hannun, ba ta yi salati ba, ba ta yi mamaki ba.

"Wane magani kake sha?"

"Ba komai. Sai dai 'yan ƙwayoyin gwiwa."

Ya zaro su daga aljihu, ƙanana farare a ƙulle a leda. Wurin wani mai tallar magani a faranti yake saye, shekara bakwai ke nan. Suna kwantar da gwiwa, suna buɗe ciki. Sista Obiageli ta ɗaga ledar ta duba, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ka gaya wa likita kana shan wannan?"

"Bai tambaya ba."

"Kai kuma bakinka ciwo yake! Baba Taju, wannan ƙwayar cin fata take yi. Amma kada ka yar da ita yau, jikinka ya saba. Ka koma wurin likita da ledar, shi zai janye maka ita sannu a hankali. Tsaya in gaya maka da yarenka. Ka san riga mai shafi?"

"Ni za ki tambaya?"

"To fatar mutum ma da shafinta a ciki. Shekaru suna cinsa, rana tana cinsa, wannan ƙwayar ta ƙarasa shi. Kai yanzu riga ce ba shafi. 'Yan jijiyoyin jini na nan a ƙasa ba abin da ya tare su. An ɗan matsa, sun fashe. An ɗan ja, ta yage. Ba ya komawa kamar da, sai dai a lallaɓa. Man kaɗanya safe da yamma, ba ruwan zafi, ba murza, ba filasta. Ka ci ƙwai da wake."

Wata uku yana yawo da kai a ɗaure, sai yau ya ji magana ta shiga. Yadin da ya sha rana ya mutu, ya san shi sarai. Amma tambayarsa tana nan.

"Sista, na ji. To na hagun fa? Shi kaɗai ya sha ƙwayar?"

Ta juya hannun sama, ta juya ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo hannunta na dama ta ɗora a hankali, ba tare da ta matsa ba. Yatsunta huɗu suka hau kan tabo huɗu. Babban yatsanta ya zagaya ƙasa ya sauka kan na biyar.

"Wa ke riƙe ka nan?" ta ce, muryarta ta sauka.

Baba Taju ya dubi yatsunta a kan tabon. Titi uku zuwa, titi uku dawowa, kwana shida a sati. Ya nemi kujera ya zauna. Ashe likitan nan da ya yi fushi da shi bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ba duka ba ne. Ya zo neman a warware masa kai, aka warware, sai ga shi ya fi ɗazu rikicewa. In ya gaya wa Azeezat, ya wanke kasuwa ya shafa wa uwarta. In Iya Azeezat ta ji, ya san ta, ba za ta ƙara taɓa shi ba har abada. In ya yi shiru, ƙarshen wata sai Rijiyar Lemo. In ya ce ta koma hannun dama, sai ta tambayi dalili, kuma na daman ma ya bi sahu.

"To yanzu yaya zan yi?" ya ce. Rabonsa da yi wa wani wannan tambayar har ya manta.

Sista Obiageli ta naɗe masa ciwon da bandeji mai laushi, ta sauke masa hannun riga. "Ni nas ce," ta ce. "Kai ne tela."

Da la'asar ya leƙa Kwari ya tsinto ƙyallayen auduga masu laushi wurin tsofaffin abokai. Ya share ƙurar keken mahaifinsa a zaure. Zura zare a allura kaɗai ya ci masa minti goma, yana yi yana zagin masu yin allurar zamani. Ya farke hannun hagu na kaftaninsa guda uku, ya sa wa kowanne shafi ninki huɗu daga gwiwar hannu zuwa tsintsiya, ya bi da ɗinki ƙanana yadda ba mai gani daga waje.

"Baban Azeezat, wa kake wa ɗinki?" ta ƙwalo daga tsakar gida.

"Aljihu ne ya ɓule."

"Aljihu nawa gare ka?"

Ya fake da nauyin kunne.

Da safe ya sa kaftanin yana ta jin kansa, ya tsaya a bakin zaure. Ta laluba ta kama hannun kamar kullum, sai yatsunta suka tsaya cak. Abin da Baba Taju ya manta shi ne, shekara hamsin da biyu matar nan tana auren tela. Ta murza yadin tsakanin yatsu biyu, yadda shi kansa ya koya mata. Ta zagaya ta taɓa hannun dama, ta ji shi sakayau. Ta dawo na hagu ta zura hannunta ta ƙarƙashin rigar, ta ji bandeji, ta ji ɓawon tsofaffin ciwuka, ta bi su ɗaya-ɗaya. Ta san inda take riƙewa, ba sai an nuna mata ba.

Ta janye hannunta ta ɓoye shi cikin gyale.

"Tun yaushe?"

"Ƙofa ce ta..."

"Ƙofa tana da yatsa biyar? Wannan ne kukan da Azeezat ke yi a zaure, kuna zaton kurma ce ni?" Muryarta ta karye. "Ni ce nake yaga ka, kana tafe kana yi mini hira. Mayar da ni ɗaki."

Ta juya tana laluben bango. Ya ga bayanta, ya ga wata goma sha ɗayan nan sun dawo sun tsaya a tsakar gida. Ya nemi ƙarya ya rasa, sai gaskiya ce ta zo bakinsa.

"To shiga. Ni dai kasuwa za ni, na yi wa Sista alkawarin ta canja mini bandeji. Amma ki sani, ba na jin ƙahon mota sai ya zo kaina. Shekara biyar ban tsallaka titin nan da kunnena ba. In ba ki matsa ba, ta ina zan san abu na zuwa?"

Ta tsaya, hannunta a bango. Ya fita ya fara tafiya a hankali, yana jan takalmi da gangan don ta ji. Bai kai bakin lungu ba ya ji an kama gefen rigarsa da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar abu mai zafi.

Haka suka tafi, ba gaisuwa mai tsawo, ba musu. Titin farko suka samu babu kowa. Na biyu ma suka wuce, ita dai da yatsu biyu a bakin yadi. A na uku, wanda ke gab da kasuwa, ya duba dama ya duba hagu, ya ga wata babbar mota a tsaye ana sauke buhuna, ya sa ƙafa. Sai ji ya yi an damƙe shi da ƙarfin da ya sani, yatsu huɗu sama, ɗaya ƙasa. Ya ja ya tsaya. Adaidaita sahu ya fito ta bayan motar a guje, ya wuce ta inda ƙafarsa za ta sauka, iskarsa ta kaɗa masa riga.

Suka tsaya a bakin titi, hannunta a kan shafin, ba ta saki ba. Ko ninki huɗun ya tare, ko sabon tabo zai fito da yamma, shi kansa bai sani ba.

"Ya yi zafi?" ta ce.

"Wallahi bai taɓa yi ba," ya ce. "Riƙe da kyau, mu tsallaka."